Kurakuran da Iyaye ke Yi Game da Idanun 'Yan Makaranta a Makka da Jidda

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta mayar da karatu kan manhajar Madrasati, waya da kwamfutar hannu suka zama kayan makaranta a gidajen Hausawan Saudiyya. Iyaye da yawa kan ɗora wa hasken waya laifin raunin ganin yaransu, alhali babban abin da ke jawo rashin ganin nesa shi ne daɗewa ana kallon abu na kusa, tare da ƙarancin fita hasken rana. Ƙwayar idon yaro tana cikin girma, kuma idan ta zarce ƙa'ida wajen tsawo, sai rubutun allo ya riƙa yi masa dishi-dishi.

Kuskuren da ya fi yawa a nan ya samo asali ne daga zafi. Inda zafin rana kan haura digiri 40, yaro daga aji sai mota, daga mota sai ɗaki mai na'urar sanyi, ba ya fita wasa sai bayan Isha'i. Fitilun titi ba sa maye gurbin hasken rana. Abin da likitocin ido ke so shi ne kusan awa 2 a waje kowace rana, matakin da Taiwan ta ɗauka a makarantunta tun 2010 ta kuma ga amfaninsa. Ba sai an shanya yaro a rana ba, zaman inuwa a tsakar gida da sassafe ko bayan La'asar ma yana shiga lissafi.

Akwai kuma masu ƙwace waya su miƙa wa yaro littafi, suna ganin shi ke nan. Yaron da ya kifa kai a kan ƙaramin Mushafi yana hadda, hancinsa na neman taɓa takarda, wahalar da idonsa ke sha kusan ɗaya ce da ta mai riƙe da waya. Gyaran shi ne a nisanta abin karatu da kamar santimita 30 zuwa 40, sannan bayan kowane minti 20 ya ɗaga kai ya hangi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Mai kallon waya ba ya yawan ƙifta ido, ga iskar na'urar sanyi tana busar da shi, don haka kada a zaunar da yaro daidai saitinta.

Maganar cewa tabarau na ƙara kashe ido ba ta da tushe, kuma a ganina ita ce ta fi cutar da yara, domin idon da ya tashi da rauni ya fi karɓar gyara kafin shekara 7 ko 8. Yaron da ke ƙanƙance ido, ko matsawa jikin talabijin, ko kwafe rubutu daga littafin maƙwabcinsa a aji, gwaji yake bukata.

Idan idon ya yi ja yana ƙaiƙayi, kada a sayo maganin ɗigawa a kantin magani ba da takardar likita ba, saboda masu sinadarin kotizon suna iya hawar da matsin ido har su lalata jijiyar gani. A hana yaro murza ido da ƙarfi, sannan a guji sa masa kwallin da ba a tantance ba, domin an sha samun dalma a cikinsa.