Kurakuran da baƙo kan yi a ƙananan gidajen abinci na unguwa a Faransa

Ɗan gidan abincin da ke bakin layi a Paris ko Lyon ko Toulouse, irin wanda suke kira bistro, yawanci tebura kaɗan ne a cikinsa, mai gidan na tsaye yana karɓar baƙi, kuku ɗaya ko biyu suna kicin. Ɗalibi daga Damagaram ko ɗan kasuwa daga Kano da ya shiga karon farko yakan fito yana cewa mutanen nan ba su da fara'a. Galibi ba rashin fara'a ba ne, tsarin gidan ne baƙon ya taka bai sani ba.

Abu na farko da ke kayar da mutane shi ne lokaci. Mun saba da mai tuwon da tukunyarta ba ta sauka daga murhu, duk sa'ar da yunwa ta taso sai a je. A can ana ba da abincin rana daga ƙarfe 12 zuwa 2, wani wurin zuwa 2 da rabi, sai a kashe wuta. Na dare ba ya farawa sai ƙarfe 7 ko 7 da rabi, kuma wajen ƙarfe 10 an soma rufe kicin. Wanda ya zo ƙarfe 4 na yamma, ko ya ga ƙofa a buɗe, kofi kawai zai samu. Idan yunwar ba ta jira, a nemi inda aka rubuta service continu, wato suna dafawa ba tsayawa. Da yawa kuma ba sa buɗewa Lahadi da Litinin, wasu sukan kulle makonni a watan Agusta su tafi hutu. Daren Juma'a ko Asabar kuwa a buga waya tun da rana a kama tebur.

Sai gaisuwa, kuma abin mamaki ne a ce Bahaushe ya faɗi a nan. Tsoron yin kuskure a Faransanci ke sa wasu su shiga shiru su ja kujera su zauna. Ka tsaya bakin ƙofa, ka ce bonjour da rana ko bonsoir da dare, ka faɗi ku nawa ne, ka jira a nuna maka wuri. Kada ka kira mai kawo abinci garçon, ko da haka ka gani a tsohon littafin makaranta. Monsieur ko madame ake cewa, ko a ɗaga hannu kaɗan. Tafi da hannu ko tsaki don a jiyo ka, wannan ya isa ya ɓata daren gaba ɗaya.

Idan ka ce a ba ka menu, za a iya ɗauka kana son jerin abinci mai farashi guda ne. Takardar da ke ɗauke da duk abin da suke sayarwa sunanta carte. Da rana, abin da ya fi araha shi ne formule: ɗan abin buɗe baki da babban abinci, ko babban abinci da kayan zaƙi. Ka duba allon da aka rubuta da alli, nan ne girkin ranar yake, kuma shi ne kuku ya fi ba ƙarfi.

Babban tarkon dai, a wurin Musulmi, yana cikin tukunya. Mutum ya ga an rubuta naman sa ko kaza sai hankalinsa ya kwanta, alhali girkin gargajiyar Faransa cike yake da alade da giyar inabi waɗanda ba sa fitowa a sunan abincin. Bœuf bourguignon naman sa ne, amma a jar giya ake dafa shi tare da 'yan gutsattsarin kitsen alade da ake kira lardons. Haka coq au vin. Waɗannan gutsattsarin suna cikin quiche lorraine, da salade lyonnaise, da tartiflette, har a cikin wake da ganye sukan jefa su don ɗanɗano. Cassoulet na yankin Toulouse wake ne da agwagwa, amma da tsiran alade a ciki. Croque-monsieur da ake ɗauka burodi da cuku ne kawai, akwai jambon, wato naman cinyar alade, a tsakiya. Pâté de campagne da andouillette na alade ne, yawancin rillettes ma haka, boudin noir kuwa da jini ake yin sa. A Lyon, gidajen gargajiya da ake kira bouchon abincinsu da yawa daga alade yake, wanda ba ya ci gara ya wuce gaba. Kayan zaƙi ma ba su tsira ba: baba au rhum a barasa ake jiƙa shi, crêpe Suzette da barasar lemu ake haɗa ta.

Kuskuren da ake yi wajen tambaya shi ne a tambayi nama a dunƙule. Ka ce ba ka son nama, a kawo maka salak da lardons a warwatse a kai, don a idon wasu wannan kayan ɗanɗano ne ba nama ba. Ka ambaci abin da sunansa: porc (alade), lardons, jambon, sannan ka tambayi vin (giyar inabi) ko alcool (barasa) daban. Ba wanda zai ga laifinka, Faransa na da miliyoyin Musulmi kuma ma'aikatan sun saba da tambayar. Amma ka sani, ana iya cire alade daga salak ko wainar ƙwai da za a haɗa yanzu, ba a iya cire shi daga romon da ke kan wuta tun safe. Tun 2015 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ajiye rubutaccen bayani kan abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya. Alade ba ya cikinsu, amma sulfites, wani sinadari da ake samu a giyar inabi, na ciki, kuma ganinsa a gaban wani romo dalili ne na ka tambayi giya. Akwai kuma ɗan tambarin fait maison, hoton tukunya da rufin ɗaki a kanta, da aka fito da shi a 2014: yana nufin a gidan aka dafa, don haka kuku ya san abin da ya zuba.

Batun yanka kuwa, naman bistro na yau da kullum ba ya zuwa da shaidar halal. Malamai sun yi magana kan yankan Ahlul Kitabi, kowa ya bi abin da ya natsu da shi. Mai son kauce wa shakka ya riƙe kifi. Sole meunière kifi ne da ake soyawa da fulawa da bota da lemun tsami, sai dafaffen ƙwai da mayonis, sai kifin ranar a gasa. In kuwa nama ake so ido rufe, gidajen halal sun yi yawa a unguwannin Barbès da Château Rouge da Belleville na Paris, akwai kuma wurin cin abinci a Babban Masallacin Paris wanda aka buɗe a 1926.

Wanda zai ci nama ya faɗi bien cuit, wato ya dahu sosai, da bakinsa. À point da ake zaton dahuwa ce daidai, ja ne a ciki, steak tartare kuwa ɗanye ne sharaf. Kuma kada a sa ran yaji.

Ruwa da burodi suna cikin kuɗin abinci. Idan aka tambaye ka plate ou gazeuse, ruwan kwalba na sayarwa ake nufi. Ka ce une carafe d'eau a kawo maka na famfo kyauta. Tun Janairun 2022 dole ne ma gidan ya sanar da cewa ana iya neman sa.

Bayan an gama, mutane sukan zauna suna ƙunci wai an manta da su. Ba a kawo takardar kuɗi sai an nema, don kawo ta ba tambaya tamkar korar baƙo ce. Ka ce l'addition, s'il vous plaît, ko ka tashi ka biya a kanta. Farashin da ke rubuce ya haɗa da haraji da ladan ma'aikata, saboda haka ba sai ka ƙara kashi 15 ko 20 cikin ɗari kamar a Amurka ba; yuro ɗaya ko biyu a kan tebur tukuici ne mai kyau, rashinsa kuma ba laifi ba ne. In abinci ya rage, ka nemi a ƙunshe maka: tun 1 ga Yulin 2021 doka ta ce su ba da mazubi ga duk wanda ya tambaya.