Kurakuran da muke tafkawa wajen ƙayyade wa yara lokacin intanet a kwamfutar gida

Na fi wata uku ina rigima da ƙanina a kan laptop ɗaya tilo da muke da ita a gida, shi kullum cewa yake CBT ɗin JAMB yake gwadawa, ni kuma in na dawo da yamma sai in tarar data ta yi ƙasa, batir ya mutu, ga aikin da zan tura. Sai daga baya na gane rabin laifin ma nawa ne.

Babban kuskuren, wanda kusan kowa ke yi, shi ne duk gida a dinga shiga da akawun guda, kuma akawun ɗin na admin. Indai haka ne to wallahi duk abin da ka saita aikin banza ne, don ka ba yaro makullin ɗaki sannan kana mamakin yadda ya shiga. Mai admin zai iya goge manhajar da ka saka, ya mayar da agogon kwamfuta baya, ya ma buɗe wa kansa sabon akawun. Gyaran ba wuya: ka shiga Settings, sai Accounts, ka buɗe masa nasa daban ka bar shi a Standard, wato akawun mara ikon admin. A Windows 10 da 11 akwai Microsoft Family Safety, kyauta ne, a nan za ka sa masa awannin kowace rana, amma fa sai yana da akawun ɗin Microsoft nasa kuma da shi yake shiga. Wajen buɗewa ka sa shekarun haihuwarsa na gaskiya, wasu don gudun tambayoyi sai su rubuta 1990, to ka mayar da shi babba kenan, kuma babba na iya ficewa daga rukunin iyalin da kansa.

Sai maganar faswod. Nawa shekarar haihuwata ce, lamba huɗu, yaron nan yana tsaye bayana da kofin shayi wai yana jiran in gama, ashe yatsuna yake kallo. Ka canza zuwa abin da ba a sani ba a gida, kuma in za ka tashi ko alwala ce ka danna maɓallin Windows da L tare, allo ya kulle. In ka bar naka a buɗe lokacinsa ba ya ƙirguwa sam.

Wanda ya fi ba ni haushi kuma na fi daɗewa ban gane ba shi ne lokacin da na zaɓa. Na sa masa ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma, a takarda ya yi kyau, to amma a unguwarmu yaushe NEPA ke kawo wuta a wannan lokacin? Ga islamiyya daga Asabar zuwa Laraba. Kenan yaro na iya kwana uku bai taɓa kwamfuta ba, ranar da aka kawo wuta da daddare kuma tana kulle, dole ya nemi hanyar zagaye, ko ni ne haka zan yi. Family Safety na ba ka abu biyu ne, tsakanin ƙarfe nawa zuwa nawa, da kuma jimillar awanni. To ka faɗaɗa na farko, kamar 7 na safe zuwa 9 na dare, ka matse na biyu ya zama awa 2, duk sanda wuta ta zo ya ci rabonsa. Alhamis da Juma'a da babu islamiyya na ƙara masa awa ɗaya.

Masu saka ɗan ƙarin manhaja a Chrome don ta toshe YouTube, ku daina wahalar da kanku, dannawa biyu ake cire ta, ko ya buɗe wata burauzar. Ita ma tacewar shafuka ta Microsoft a burauzar Edge kawai take aiki, shi ya sa in ka kunna ta take toshe sauran burauzoji. Akwai kuma masu amfani da umarnin net user da /time, wanda ake rubuta wa Windows don sa wa akawun lokacin shiga, wannan shiga kawai yake hanawa, wanda ya riga ya shiga kafin lokaci ya cika yana nan zaune abinsa.

Toshewa ta MiFi ko rauta ma tana aiki, amma in ba ka canza faswod ɗin admin da ke rubuce a jikin na'urar ba to kamar ba ka yi ba. Kuma ko ka canza, ya ari wayar Hajiya ya kunna hotspot shikenan. Shi ya sa na fi son ƙayyadewa a kan kwamfutar kanta.

Kafin ka ɗora wa yaro laifin cinye data kuma, duba Data usage a Settings tukuna. Ni da na duba, kaso mai tsoka Windows ce ta sha wajen sabunta kanta, na kunna Metered connection, saitin da ke rage mata shan data, abin ya lafa, sai da na ba shi haƙuri.

Kar kuma ka saita a ɓoye, yana tsakiyar tambayoyin Physics allo ya rufe ba zato. Na zaunar da shi na ce, Auta, awa biyu ne, in bai ishe ka ba akwai wurin neman ƙari a allon, saƙo zai shigo wayata. Jiya ma ya turo yana neman minti 30, na leƙa na ga bidiyon ƙwallo yake kallo, na ba shi 15.