Yadda ɗalibin jami'a zai shirya wa neman aiki a Legas tun kafin ya karɓi digiri

Duk lokacin da bankuna da manyan kamfanoni suka buɗe ƙofar ɗaukar sabbin masu digiri, sai wayata ta fara ruri. Ƙannenmu ne na Agege da Idi-Araba da Mile 12, wasu sun gama UNILAG a Akoka, wasu LASU a Ojo, wasu kuma daga Kano ko Zariya suka zo suna zaune wurin kawu. Tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, an buɗe, me zan yi?" Abin da ke ci mini rai shi ne yawancinsu sun makara da kusan shekara biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka da kai nake magana, ƙanena da ke aji biyu ko uku, da ke ƙanwata.

Mataki na farko: maki da shekaru

Kafin idon mutum ya faɗa kan takardarka, kwamfuta ce ke fara tace masu nema, kuma abu uku take dubawa: matakin digiri, shekarun haihuwa, da takardar bautar ƙasa. Tallan aiki da yawa 2:1 suke nema, wato digiri mai daraja ta biyu ta sama, wasu kan karɓi 2:2, ta biyu ta ƙasa, sannan sau da yawa akan ce kada mai nema ya haura shekara 26 ko 27. A ma'aunin maki biyar, 2:1 daga 3.50 yake farawa. Ɗaga maki a aji biyu abu ne mai yiwuwa, amma a aji huɗu darussan da suka taru sun riga sun yi masa nauyi, da ƙyar yake motsi. Ga yajin aiki yana cin shekaru: na ASUU a 2022 kaɗai wata takwas ya ɗauka. Don haka kada ka bari wani darasi ya riƙe ka shekara guda. Kuma kada ka yarda a rage maka shekaru da rantsuwar ƙarya, domin takardar WAEC da NIN za su tona asiri.

Mataki na biyu: gyara sunanka

A nan yaranmu ke faɗuwa fiye da kowa, kuma ba wanda ke faɗa musu. Yau ka shimfiɗa tabarma ka baje takardunka duka: ta haihuwa, ta WAEC ko NECO, ta JAMB, NIN, da katin makaranta. Ka karanta sunanka harafi bayan harafi. Za ka iya tarar da Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammadu a wata. Wani sunan garinsu ne ya zama sunan mahaifi a takarda ɗaya, a ɗayar kuma sunan kaka. A gida duk mun san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke tantance takardu a Victoria Island bai sani ba, mutum uku yake gani.

Na san wata yarinya da ta ci jarrabawa, ta ci intabiyu, sai a wurin tantancewa aka ga Aishatu a takardar sakandare, Aisha a digiri, ranar haihuwa ma ta bambanta da wata guda. Kafin ta kammala zirga-zirgar gyara, an fara horar da sauran. Har yau abin yana damuna. Idan ka ga saɓani, ka zaɓi rubutu ɗaya ka tsaya a kansa, ka je ofishin NIMC a daidaita NIN, ka yi takardar rantsuwa a kotu, idan canjin suna ne a buga a jarida. Ka gama wannan kafin makaranta ta tura sunanka hukumar bautar ƙasa ta NYSC.

Mataki na uku: tara abin da za ka faɗa

Lokacin SIWES, wato zuwa koyon aiki a ma'aikata kana ɗalibi, ba hutu ba ne. Ka nemi wurin da za a ba ka aiki na gaske, ka riƙa rubuta abin da ka yi a wani littafi naka daban. Ka koyi Excel har hannunka ya faɗa. Mai karatun akanta ya fara jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci, tun yana makaranta.

Sai abin da muke rainawa alhali zinariya ne. Idan kai ke rubuta wa Baba lissafin buhunan albasa ko kwandunan tumatir a Mile 12, kai ke bin bashi, kai ke ciniki da direbobin tirela, to ka san harkar kaya da kuɗi fiye da wanda a littafi kawai ya gani. Ka rubuta shi da adadi: kwastomomi nawa, kaya nawa a mako, wace asara ka toshe.

Mataki na huɗu: CV

Shafi ɗaya ya ishi sabon mai digiri. Imel ɗinka ya kasance da sunanka na gaskiya, ba laƙabin abokai ba. Addini da aure ba sai ka sa ba, sai in an tambaya. Amma harsuna ka sa su a fili. Yaron da ya tashi a Agege yana jin Hausa da Yarabanci da Turanci, kuma kamfanonin sadarwa da na kayan masarufi da hedikwatarsu ke Legas suna da kasuwa babba a Arewa. Ka buɗe LinkedIn da hoto mai kyau, ka riƙa leƙa shafin tallan aiki na Jobberman da shafukan kamfanonin kansu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da aikin banki mai kuɗin ruwa ba ya duba Jaiz da TAJ da Lotus, su ma suna ɗaukar ma'aikata.

Mataki na biyar: jarrabawar gwaji

Yawanci kashi uku ce: lissafi, fahimtar Turanci, da gano tsarin siffofi. Kamfanoni irin su Dragnet da SHL ne kan shirya ta a madadin masu ɗaukar aiki. Tambayoyin ba su fi ƙarfin wanda ya ci lissafin sakandare ba, kaso cikin ɗari ne da riba da karanta jadawali. Lokaci ne ke kayar da mutane, don sau da yawa kusan minti ɗaya gare ka a kowace tambaya. Ka nemi tsofaffin tambayoyi, ka sa agogo a gabanka, rabin awa kullum bayan Asuba har wata uku. Tambayar da ta tsaya maka a wuya ka wuce ta. Idan ta intanet za a yi, kyamara na kallonka, don haka ka caja kwamfuta, ka tanadi layi biyu, ka roƙi mutanen gida kada kowa ya shigo ɗakin.

Mataki na shida: intabiyu, da maganar kunya

An raine mu da sunkuyar da kai gaban babba, da ƙin yabon kai, da barin wani ya fara magana. Tarbiyya ce mai kyau, ba na so ka zubar da ita. Sai dai mai yi maka intabiyu a Legas idan ya ga kana kallon ƙasa, murya can ciki, abin da zai rubuta shi ne ba ka da tabbacin kanka. Ka ɗaga kai ka dube shi. Idan aka tambaye ka abin da ka yi, kada ka ɓuya bayan "mun yi". Ka faɗi halin da aka shiga, abin da kai ka yi da hannunka, da yadda aka ƙare. Faɗin gaskiyar aikinka ba fariya ba ce. Ka shirya irin waɗannan labarai huɗu ko biyar, ciki har da wanda ka yi kuskure ka gyara, ka maimaita su da ƙarfi gaban aboki har bakinka ya saba.

Wasu kamfanoni kan tara ku shida ko takwas a tebur ɗaya, a ba ku matsala ku tattauna, masu sa maki na gefe suna rubutu. Wanda ya yi shiru ba shi da maki, wanda ya danne kowa da ihu ma yana zubar da nasa. Ka yi magana da wuri, ka kawo hujja, ka kira wanda bai samu dama ba ya faɗi nasa. Nan ladabinmu yake zama riba.

Ƙanwata, hijabinki ki sa shi tsaf, mai launi marar hayaniya. Idan ba kya musabaha da maza, ki riga su: hannu a ƙirji, murmushi, gaisuwa da murya a fili. Batun fita sallar Juma'a kuwa, ƙanena, ka bari sai an yi maka tayin aiki sannan ka tayar da shi cikin natsuwa.

Mataki na bakwai: hanya, da 'yan damfara

Idan an ce ƙarfe tara a Ikoyi ko Victoria Island, daga Agege bayan sallar Asuba za ka fita. Cunkoson gadar Third Mainland ba uzuri ba ne a wurinsu, su ma ta nan suka biyo. In da hali ka je ka ga ginin tun jajibiri, ka sa kuɗi a katin Cowry don BRT ko jirgin ƙasa, takardunka na asali da kwafinsu a cikin leda saboda ruwan sama.

Saƙon waya da ya gayyace ka intabiyu a inda ba ka taɓa nema ba, babu sunan kamfani sai adireshi, ka yi hattara da shi. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ko na horo, ko na gwajin lafiya a asusun wani mutum, ka juya ka tafi. Kullum ka bar wa wani a gida adireshin inda ka nufa.

Da ka fito, tun kana cikin mota, ka rubuta duk tambayoyin da aka yi maka da inda ka yi tuntuɓe. Idan mako biyu ya wuce shiru, ka tura gajeren imel na tuntuɓa, sannan ka ci gaba da cike na gaba.