Kurakuran da Sabon Malami Ke Yi Idan Aji Ya Fara Gagara

Duk shekara abu ɗaya nake gani. Sabon malami zai shigo da zumuɗi, ya tsara darasinsa tsaf, amma kafin zangon farko ya ƙare murya ta dishe, ya fara cewa yaran zamani ba sa jin magana. Na gaji da kallon hakan, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ja-in-ja da ɗalibi a gaban 'yan ajinsu. A shekarata ta biyu da fara koyarwa akwai wani yaro mai kamar shekara 13 a bencin ƙarshe, kullum kansa na kife a kan tebur, aikin gida kuwa ba ya kawowa. Wata rana na ce ya tashi ya karanta mana sakin layi ɗaya. Ya yi shiru. Na sake faɗa da tsawa. Ya ɗago ya ce, "Ba zan karanta ba, Malam." Raina ya ɓaci, na fizgi littafinsa na ɗaga sama ina buɗe wa aji shafukan da babu komai a cikinsu. Aka kwashe da dariya. Bai yi kuka ba, ido kawai ya kafa mini. Daga ranar, da na juya wa aji baya zan yi rubutu a allo, sai in ji fito ko bugun benci, kuma na san daga inda yake fitowa.

Sai bayan makonni wata tsohuwar malama ta kira ni gefe ta ce, "Malam, yaron nan fa bai iya karatu ba." Haka aka yi ta tura shi gaba aji-aji. Ya gwammace a kira shi mai taurin kai da a kira shi daƙiƙi, ni kuma na tona abin da ya yi shekaru yana rufewa. Na yi ta lallashi har ƙarshen shekara, bai sake yarda da ni ba. Har yau idan na ga malami ya tsayar da yaro yana yi masa ba'a don aji ya yi dariya, jikina rawa yake yi. Me kake nema? Ko ka rinjaye shi a ranar, ka yi asarar yaron, sauran kuma sun ga yadda kake yi da wanda ya gaza.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina takawa har inda yaron da ke fitina yake ba tare da na katse darasi ba, in rage murya, in kira sunansa, in faɗi abu ɗaya da nake so ya yi, sannan in bar wurin. Barin wurin shi ne sirrin, domin yana ba shi damar bin umarni ba tare da an ga ya sha kaye ba. Idan ya ƙi, sai in ce mu haɗu bayan an tashi. Kuma duk yaron da ya cika fitina, abu na farko da nake gwadawa mu biyu kaɗai shi ne ko yana iya karanta littafin ajinsu, ko yana ganin allo sosai daga inda yake zaune.

Na biyu shi ne kurari. "Duk wanda ya sake magana zan kore shi daga makarantar nan!" Kai ka san ba ka da wannan ikon, su ma sun sani. Da ɗaya ya gwada ya ga ba a yi komai ba, maganarka ta zama iska. Ni dokokina uku ne, kowace da ɗan hukuncinta, kamar sauya wurin zama ko tsayawa minti 5 bayan an tashi, kuma ba na tsallakewa ko ranar ina cikin nishaɗi. Ƙaramin hukunci tabbatacce ya fi babba wanda ba ya zuwa.

Sannan da yawanku ihu bayan hari kuke yi. Wani masani ɗan Amurka, Jacob Kounin, ya ɗauki azuzuwa a faifan bidiyo ya yi nazarinsu, ya fitar da sakamakon a 1970. Ya gano cewa malaman da ajinsu ke natse ba su fi sauran iya hukunci ba, sun fi su ne hana fitinar tashi: idonsu na kan kowane lungu, ba sa barin giɓi tsakanin wannan aiki da na gaba. To kai da ka shigo aji sannan ka fara laluben alli da neman shafi, yara 40 ko fiye za su zauna su naɗe hannu suna jiran ka? Ni ina rubuta tambaya ɗaya a allo kafin su gama zama.

Kada ka hukunta aji duka saboda mutum biyu, masu natsuwar ma za ka mayar da su abokan gaba. Ka haddace sunaye a makon farko, "kai mai surutu" ba suna ba ne. Kada ka riƙa tura kowane ƙaramin laifi ofishin shugaban makaranta, yara za su gane ba kai ke riƙe da ajin ba. Bulala kuwa na ajiye ta tuntuni; yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ce ladabtarwa a makaranta ta dace da mutuncin yaro, ni ma ban taɓa ganin duka ya koya wa wani karatu ba.

Sai hirar ɗakin malamai. Za a ce maka wane ɗan iska ne tun kafin ka ga fuskarsa. A 1968 wasu masu bincike, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, sun ba da rahoton cewa yaran da aka gaya wa malamansu za su yi fice, alhali zaɓen kan-mai-uwa-da-wabi aka yi, sun fi ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. Don haka idan aka fara lissafa mini fitinannun ajin da zan karɓa, nakan roƙi a bari in yi mako biyu da su tukuna.