Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa da Fenta Ƙaramin Samfurin Jirgin Yaƙi na Hurricane

Wanda ya buɗe kwalin samfurin jirgi a karon farko yakan ɗauka cewa aikin yini guda ne: a ɓalle gutsattsarin robar, a shafa gam, a goga fenti, a ɗora a kan kanta. Sai bayan an gama ne yake ganin tsaga a bayan jirgin, da shatin yatsa a kan fiffike, da gilashin da ya yi hazo. Kusan dukkan wannan ɓarna daga wuri biyu take fitowa, wato gaggawa, da kuma rashin sanin yadda jirgin na ainihi yake. Na biyun ya fi wuyar ganewa, domin mutum yana iya yin aiki mai tsafta ƙwarai amma ya fitar da jirgin da bai taɓa tashi a duniya ba.

Na ɗauki Hawker Hurricane a matsayin misali saboda jirgi ne mai tona asirin wanda bai yi bincike ba. Sydney Camm ne ya tsara shi, ya fara tashi a watan Nuwamban 1935, ya shiga aikin rundunar sojan saman Birtaniya a ƙarshen 1937, kuma an ƙera sama da dubu 14. A gumurzun sararin samaniyar Ingila na 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya fi ɗan'uwansa jirgin yaƙi Spitfire yawa, kodayake Spitfire ne ya tafi da suna. Ba baƙonmu ba ne kuma: daga watan Satumban 1940 an riƙa kawo irinsa cikin akwatuna zuwa Takoradi, a harhaɗa shi can, sannan ya taso ta Legas, ya sauka Kano da Maiduguri, ya wuce Fort Lamy wadda ake kira Njamena a yau, ya bi ta Elfashir da Khartum har zuwa Masar.

Kuskuren farko yana faruwa tun kafin a taɓa gam, wato ɓalle gutsattsari da hannu daga firam ɗin robar da suke zuwa a maƙale da shi. Murɗawa tana yage robar, ta bar rami ko farin tabo a daidai gefen da zai fito fili. A yanka da ƙaramin almakashin roba nesa kaɗan da jikin gutsuren, sannan a share ragowar da reza, a bi da sanfefa mai laushi. Kada kuma a cire komai gaba ɗaya a zuba a faranti, domin lambar kowane gutsure a jikin firam take, kuma kwali ɗaya yakan zo da farfela iri biyu ko uku na jirage daban-daban. Wanke firam ɗin da ruwan ɗumi da ɗan sabulu yana cire maiƙon da ke hana fenti kamawa.

Gam shi ne inda sababbin hannu suka fi yin ɓarna. Gam ɗin wannan aiki ba liƙa yake yi kamar na takarda ba, narkar da robar yake yi har ɓangarori biyu su zama ɗaya, saboda haka duk ɗigon da ya tsallake wurinsa tabo ne. Hanyar da ta dace ita ce a fara gwada ɓangarorin ba tare da gam ba, a ga inda suka ƙi zama, a gyara, sannan a riƙe su a haɗe a taɓa bakin haɗin da buroshin gam mai ruwa-ruwa, irin Tamiya Extra Thin, wanda yake bin tsagar da kansa. Abin da za a kiyaye shi ne yatsa, domin gam ɗin yakan bi tsagar ya shiga ƙarƙashin yatsan da ke riƙe da jirgin, ya buga shatinsa a jiki. Idan hakan ta faru, kada a goge. A bar wurin ya sandare har kwana guda, sannan a bi shi da sanfefa lamba 600, a ƙarasa da 1000. Fenti ma yana hana gam ci, don haka a kankare shi daga duk bakin da za a haɗa.

Tsagar da ke bin bayan jirgin da cikinsa, inda rabi biyu na gangar jiki suka haɗu, ita ce ke nuna bambancin mai haƙuri da mai gaggawa. Mutane sukan ce ai 'yar ƙarama ce, fenti zai rufe ta, alhali fenti ƙara fito da ita yake yi. Lissafi kaɗan ya isa: faɗin fukafukan Hurricane mita 12.19 ne, wanda a ma'aunin 1/48, wato samfurin da aka ƙanƙanta sau 48, ya koma kimanin santimita 25, a 1/72 kuma kimanin 17. Ke nan tsagar milimita ɗaya a samfurin 1/48 daidai take da ramin kusan santimita biyar a jikin jirgin gaske, wanda ba wani matuƙi da zai yarda ya tashi da shi. A cike ta da fila kaɗan, wato ƙullun cike tsaga, a jira ta bushe sosai domin takan shanye, sannan a goge. Sai dai a nan Hurricane yana da tarko. Bayan gangar jikinsa yadi ne da aka ɗame a kan siraran katako, su kuma suna kan firam na bututun ƙarfe, shi ya sa ake ganin layuka a jere tun daga bayan matuƙi har wutsiya. Mai goge tsaga da ƙarfi yakan share waɗannan layuka ya bar wurin sumul. A manna tef a gefe biyu na tsagar, a bar sarari ɗan siriri, a yi gugar a cikinsa kawai.

Mazaunin matuƙi kuwa dole ne a fenta shi kafin a rufe gangar jiki. Ba shi da daɓe kamar na mota, bututai ne a sarƙe masu launin alminiyam, da allunan ɗora ƙafa biyu, bangon kuma kore ne mai sirkin toka.

Sai gilashin da ke rufe matuƙi, wanda ni kaina na taɓa yin asararsa. Na ɗiga masa sufagulu a kusurwa huɗu da daddare, ina ganin na huta, da gari ya waye na tarar da cikinsa ya yi fari fat kamar an hura masa gari, kuma duk wahalar da na sha a kan kujera da allon agogo ta ɓace a bayan hazon. Tururin wannan gam ne ke kwantawa a kan roba mai haske. Farin gam irin na kafintoci, wanda yake bushewa garau, shi ne ya dace, kuma abin da ya ɓullo ana share shi da jiƙaƙƙen auduga. Gilashin Hurricane yana da firam da yawa, kuma zana su da hannu yakan fito a karkace. A rufe kowane ido da ɗan yankin tef, a fara shafa launin ciki, sannan a bi da launin waje, ta yadda mai leƙawa zai ga kore daga ciki kamar yadda yake a jirgin gaske.

Kafin a kai ga launi, akwai matakin da aka fi tsallakewa, wato fentin shimfiɗa mai ruwan toka. Yana sa fenti ya kama, amma babban amfaninsa shi ne ya tona duk tsaga da ƙarzar da ido bai gani ba tun ana iya gyarawa.

A wajen fentin kansa, kuskuren da ya fi yawa shi ne kauri. Ana so a rufe launin robar a shafa ɗaya, sai fentin ya cike layukan faranti da kawunan ƙusoshi, jirgin ya koma kamar an tsoma shi a kunu. A tsinka fenti da tinan da aka yi dominsa har ya yi kamar madara, a yi shafa uku marasa kauri, ana jira tsakani. Shafar farko za ta yi muni, kuma haka ya kamata ta yi. Mai aiki da ƙaramar bindigar feshi ya tsaya wajen awo 15 zuwa 20 na PSI a agogon kwamfireso. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, fentin akirilik yakan bushe tun kafin ya isa jikin jirgin, ya sauka da gautsi kamar yashi, kuma maganinsa shi ne a matso da bindigar, a rage iska, a ƙara ɗigon ruwan da ke jinkirta bushewa. Ƙurar wannan lokaci ma abokiyar gaba ce, don haka da an gama feshi a kife roba mai tsafta a kan aikin. Da damina kuma danshi yakan sa banish ya yi fari-fari, gara a jira rana mai haske. Kada a ɗora fentin lacquer mai zafin tina a kan fentin mai, wato enamel, domin yakan tattare shi, kada kuma a manna tef a kan fentin da bai kwana ba, ko da ya bushe a taɓawa. Feshi a ɗaki rufe ba tare da takunkumi ba kuwa cutar da kai ne.

Zaɓen launi shi ne inda bincike yake biya. Har zuwa farkon watan Yunin 1940, ƙasan jiragen yaƙin da ke Ingila rabi baƙi ne a hagu, rabi fari a dama. Daga nan aka koma launin da kwalaben fenti ke kira Sky, fari mai sirkin kore kamar ɓawon ƙwan agwagwa, saman kuma kore mai duhu da ruwan ƙasa. A watan Agustan 1941 aka maye gurbin ruwan ƙasan da ruwan toka. Jiragen hamadar Arewacin Afirka sun koma ruwan ƙasa da launin rairayi a sama, da shuɗi mai haske a ƙasa, sannan suna da babbar matatar ƙura ta Vokes a ƙarƙashin hanci, wadda take sauya siffar jirgin gaba ɗaya. Wanda yake son ya haɗa jirgin da ya bi ta Kano kada ya manta da wannan matata. Haka nan Hurricane nau'in Mk I bindigogi takwas gare shi, huɗu a jere cikin kowane fiffike, Mk IIC kuma manya huɗu ne masu milimita 20 da suka zaro waje. A zaɓi jirgi ɗaya mai lamba ɗaya a wata ɗaya, a nemi hotonsa, a tsaya a kansa. Ɗauko launin wannan shekara a haɗa da tambarin waccan shi ne ke haifar da jirgin da babu shi.

Tamburan da ake jiƙawa a manna sukan yi ƙyallin azurfa a gefe idan an ɗora su a kan fenti marar sheƙi, saboda iska tana maƙalewa a ƙananan ramukan da ke ƙarƙashinsu. A fara fesa banish mai sheƙi, a tsoma tambarin cikin ruwan ɗumi na 'yan daƙiƙu, a ajiye shi a kan takarda har ya fara zamewa da kansa, sannan a tura shi wurinsa da jiƙaƙƙen buroshi. Ruwan laushi irin Micro Sol yakan sa tambarin ya yamutse har hankali ya tashi, amma taɓa shi a wannan hali yaga shi ne. Idan aka ƙyale shi zai miƙe ya kwanta cikin layukan. Inda azurfar ta riga ta fito, a huda da tsinin allura, a ɗiga ruwan.

Mataki na ƙarshe, wato nuna tsufa da wahalar yaƙi, shi ne wanda ya fi daɗi, shi ne kuma wanda hannu ya fi zarcewa a cikinsa. Na sha ganin Hurricane da aka yayyafa masa tabon azurfa tun daga hanci har wutsiya, wai fenti ya ɓare ƙarfe ya fito, alhali bayan gangar jiki da wutsiya da filafilan da ke juya jirgin a bayan fukafukai da wutsiya duk yadi ne, kewayen gilashin matuƙi kuma katako ne da aka lulluɓe da yadi, babu alminiyam ɗin da zai leƙo. Yadi koɗewa yake yi, ko a yi masa faci mai ɗan bambancin launi. Ɓarewar fenti wurinta murafun inji ne da makanikai ke kwancewa kullum, da murafun bindigogi, da gaban fukafukai, da gindin fiffiken hagu inda matuƙi ke takawa. Akwai ma ɗan matakin ƙarfe da ake jawowa daga ƙasan gangar jiki ta hagu, wanda idan ya sauko sai wani ɗan murfin kamawa ya buɗe a sama. Wanda ya sauke matakin a samfurinsa ya bar murfin a rufe ya yi rabin aiki. Fukafukan ma sai an duba, domin na farko-farko yadi ne, sai daga 1939 aka fara yin na ƙarfe.

Tsinkakken fentin da ake zubawa cikin layuka don su fito, baƙi wuluk ya yi masa ƙarfi, ruwan ƙasa mai duhu ya fi kama da datti na gaskiya, kuma a kan banish mai sheƙi ake sa shi domin a iya share rarar. Hayaƙin salansa ba miƙaƙƙen baƙin layi ba ne, yana bin iska ne ya ɗan lanƙwasa, mai duhu kusa da bututu, yana dusashewa zuwa baya. Bakunan bindigogi kuma akan liƙe su da jan yadi kafin tashi, don haka jirgin da facinsa yake lafiya bai yi harbi ba, bai kamata a zana masa sabon baƙin hayaƙi a wurin ba.

Bayan banish marar sheƙi ne ake cire tef ɗin gilashi, a bi gefensa da sabuwar reza tukuna don kada ya ɗago fenti. Sai a sa tayoyi, da farfela mai rawaya a bakin kowane reshe, da sandar eriya, waɗanda duk wanda ya manna su da wuri ya san sau nawa suke karyewa. A duba jirgin ta gaba a kan tebur mai daidai kafin gam ɗin ƙafafu ya kama, domin ƙafafun Hurricane a ware suke, ciki suke naɗewa, kuma ɗan karkacewar ɗaya yakan sa fiffike ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo daga ƙasa. A ajiye shi cikin akwatin gilashi nesa da taga, saboda rana tana koɗar da jan tambari, zafin mota a rufe kuma yana iya lanƙwasa fiffike cikin yini guda.