Kurakuran da ke ciyar da ciwon hatsi da gyaɗa a gonakin Damagaram

Yawancin manomanmu ba sa lura da ciwon hatsi sai zangarniya ta fito, alhali ƙwayar ciwon ta shiga tun shukar tana ganye biyu. Ƙwayoyin funfuna a cikin jikin tsiro suke zama, suna girma tare da shi, har da waɗanda ke kwana a cikin iri ko a ƙasa. Daga rashin sanin wannan ne sauran kurakuran suke fitowa.

Babban cikinsu shi ne jira. Ciwon nan da ke mai da zangarniyar hatsi ganyaye kore, babu ƙwaya ko ɗaya, masana suna kiran mai haddasa shi Sclerospora graminicola. Yana nuna kansa tun wajen noman farko. Ka shiga gona da sassafe raɓa ba ta bushe ba, ka juya ganyen da ya yi rawaya daga gindinsa: in ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a bayansa, shi ne. Tuge shi nan take, ka fitar da shi daga gona ka ƙone. Da yawa suna tugewa su yar a cikin kunya, wai zai zama taki. Takin ciwo ke nan, don ƙwayar tana iya yin shekaru a ƙasa tana jiran damina. Gonar da abin ya yi wa yawa, a ba ta wake ko gyaɗa, hatsi ya koma wata.

Sai feshi. Mutum ya ga ganye ya lalace, ya ruga kasuwar Dole ya sayo maganin ƙwari ya fesa. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan, domin ba ƙwaro ba ne. Maganin da ke aiki shi ne wanda ake cuɗa iri da shi kafin shuka, irin su Apron Star, kuma shi ne dai ke rage burtuntunar dawa da ke bin iri. A bi awon da ke jikin ƙunshin, a cuɗa har kowace ƙwaya ta ɗauki launi. Ragowar irin da aka cuɗa guba ne. Kada ya je turmi, kada kaji su gan shi.

Irin ma kansa, a daina ɗebo shi daga abin da ya saura a gindin rumbu. A zaɓi lafiyayyun zangarniyu tun suna tsaye a gona, ko a nemi ingantaccen iri kamar SOSAT-C88, cikin waɗanda INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa mai reshe a Sadore kusa da Yamai, suke aiki a kansu.

Gyaɗa kuwa tata ta fi ban tsoro, don ciwon ba a gona yake tsayawa ba. Funfunar Aspergillus flavus tana shiga kwanso idan fari ya kama gyaɗa gab da cira, ko fartanya ta fasa shi, ko aka zuba ta a buhu da sauran danshi. Gubar da take fitarwa, afalatoksin, an gano ta ne bayan 1960, shekarar da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Tana cin hanta a hankali. Kuma suya ba ta kashe ta, wannan nake so masu ƙuli-ƙuli a Matameye da Magariya su ji da kyau. Ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi ɗaci, ko ta yi kore-kore, zubarwa ake yi. Ba a ba akuya mai shayarwa, domin gubar tana bi ta nono. A shanya gyaɗa a kan tabarma ko tamfol har sai an girgiza kwanso an ji ƙwaya tana kaɗawa a ciki, sannan a ɗora buhuna a kan itace, nesa da bango.

In za ka kai wa malamin gona samfuri, kada ka tsinko ganye ɗaya ka ƙulle a leda, kafin ka iso gari ya dahu. Tugo shukar duka da saiwarta, ka naɗe a takarda, ka faɗa masa irin da ka shuka da abin da gonar ta ɗauka bara.