Yadda ake horar da ma'aikatan agajin gaggawa kan hatsarin da ya rutsa da jama'a da yawa

Tun bayan fashewar tankar mai a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150, ya kamata duk mai koyar da 'yan ambulan ya sake lale.

Farko dai koya musu tsayawa. Eh, tsayawa, don sabon ma'aikaci da ya ji ihu zai ruga ciki a guje, shi ma ya zama majinyaci. A faka mota nesa, ta inda iska ke tasowa, a kan tudu in akwai, a duba lambar jikin tankar, 1203 fetur ke nan.

Sai tantancewa da tsarin START, wato raba waɗanda hatsarin ya rutsa da su zuwa launuka huɗu gwargwadon tsananin halin da suke ciki, nan ne aikin yake. A ɗaga murya a ce duk mai iya tafiya ya koma can gefe, waɗannan kore ne. Wanda numfashinsa ya haura 30 a minti ɗaya, ko ka latsa farcensa jinin bai dawo ba cikin sakan 2, ko ka ce matse hannuna bai iya ba, ja ne, shi za a fara ɗauka. Sauran rawaya. Wanda aka buɗe masa hanyar iska bai yi numfashi ba kuma baƙi, wato ba a sa ran zai rayu, a wuce, wallahi wannan ne yake fi yi wa ɗalibai wuya amma dole. Kar a wuce minti ɗaya kan mutum guda.

Kuma kar a tsaya a allo, a fita fili a yi atisaye, a samo 'yan sa-kai a shafa musu jan fenti su kwanta suna kururuwa, har da dare.

In sinadari ya zubo wa mutum, a cire kayan jikinsa a kwarara masa ruwa kafin ya shiga ambulan.